Ranar da na raka Goggo buɗe asusun ajiya

Talata, da dare

Sai yanzu na samu na zauna. Ƙafafuna zogi suke yi, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da ya faru yau, tun bai fara zubewa daga kaina ba.

Wata uku ke nan Goggo tana yi mini maganar asusun ajiya. Ƙanwar mahaifina ce, ta haura shekara sittin, kuma tun ina ƙarama nake ganinta a kan keken ɗinki. Duk abin da ta tara a gwangwani yake, ƙarƙashin tarin yadi, ban da wanda ta ba mutane ajiya, wasu suka dawo mata da shi, wasu har yau shiru. Ba ta taɓa shiga banki da sunan kanta ba. Maigidanta, Allah ya jiƙansa, shi ke da asusu, kuma da ya rasu ta ga irin wahalar da aka sha kafin a fitar da abin da ya bari. Tun lokacin take cewa tana son nata, da sunanta, wanda ba sai ta roƙi kowa ba.

Jiya na ce ta haɗa katin shaidarta, da hotuna, da takardar kuɗin wuta ta kwanan nan. Da safe na tarar ta riga ta shirya, takardun a cikin leda, ta ƙulle bakin ledar sau biyu.

Mun ɗan jima a layi, wannan ba komai ba ne. Da lambarmu ta fito muka je teburin wata yarinya, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Goggo ta gaishe ta, ta amsa idonta na kan kwamfuta. Ta karɓi takardun ta jera su, ta ɗaga takardar wutar ta ce, "Wannan ba sunanki ba ne." Goggo ta ce na maigidanta ne, ya rasu, amma gidan dai shi ne gidan. Yarinyar ta ce ba zai yi ba. Ta sake duba katin da fom ɗin da na cike, ta ce harafi ɗaya a sunan mahaifi ya bambanta da abin da kwamfutarta ta nuna, shi ma ba zai yi ba. Duk wannan Goggo ta jure. Abin da ya karya ta shi ne tambaya ta uku, wadda aka jefo mata ba shimfiɗa ba komai: "Ina kika samo kuɗin?"

Na ga fuskar Goggo ta canza. Matar da ta shafe shekara arba'in tana sunkuye a kan keke har idonta ya fara rauni. Ta tattara takardunta a hankali ta ce mini, "Tashi mu tafi, 'yata. Ni ban saci kuɗin kowa ba."

Zuciyata ta rabu biyu a wurin. Na ji haushi ƙwarai, amma kuma na san yarinyar ba ita ta ƙirƙiro tambayar ba. Na yi karatun akawu, mun karanta asalin waɗannan ƙa'idoji. A 1989 ne manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki suka kafa hukumar FATF a taronsu na birnin Faris, domin yaƙi da masu wanke kuɗin haram, musamman na fataucin ƙwaya. A 1990 ta fitar da shawarwari 40, bayan harin da aka kai Amurka a 2001 kuma aka ƙara mata aikin toshe hanyoyin da kuɗi ke kaiwa ga 'yan ta'adda. Shawara ta 10 ita ce ta hana bankuna buɗe asusu marar suna ko mai sunan ƙarya, ta ce dole su san wane ne abokin hulɗarsu, su tabbatar da shi ta takardun da za a iya dogara da su, su kuma fahimci me zai yi da asusun. Ƙasar da ta yi sakaci ana sa ta a jerin waɗanda ake sa wa ido, sai bankunanta su fara shan wahalar hulɗa da na waje. Saboda haka babban banki yana matsa wa bankuna, banki yana matsa wa manaja, manaja yana matsa wa yarinyar da ke kan tebur, ita kuma ba ta da wanda za ta sauke wa sai tsohuwar da ke gabanta. Duk na san wannan. Sanin bai rage mini zafin ganin Goggo tana ƙulle ledarta hannunta na rawa ba.

Na lallashe ta ta zauna a benci ta sha ruwa. Muna nan zaune wani dattijo daga cikin ma'aikatan, da alama shi ke kula da sashen, ya zo wucewa ya tsaya. Bai tambayi abin da ya faru ba. Ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu Mama, an bar ki a zaune. Bismillah, ku zo nan."

Abin da na fi so in riƙe daga yau shi ne, tambayoyin da ya yi mata su ne dai waɗanda yarinyar ta yi, bai tsallake ko ɗaya ba, har ma ya ƙara wasu. Amma kafin ya fara sai ya ce, "Mama, zan yi miki tambayoyi, wasu za su yi kama da shisshigi. Kowa ake yi wa, ni ma da na buɗe nawa an yi mini. Dalili shi ne, in muka san sana'arki da kamar nawa ke shigo miki a wata, ranar da wani ya yi yunƙurin taɓa asusunki ko ya turo wani abu da bai yi kama da harkarki ba, za mu gane da wuri." Sannan ya ce, "Wace sana'a kike yi?" Goggo ta ce ɗinki. Ya ce tun yaushe? Shi ke nan, bakinta ya buɗe. Ta ba shi labarin kekenta na farko, da yaran da ta koya wa, da watannin da aiki ke yawa da waɗanda yake ja baya. Yana saurare yana cike gurabe. Amsar da ta ƙi ba yarinyar ta ba shi ita har da ƙari, ba tare da ta ji an tuhume ta ba.

Maganar takardar wuta kuma, ashe tana da mafita. Ya ce matsala ce da suke gani kullum wurin matan da mazansu suka rasu da masu zaman haya da matasan da ke gidan iyaye. Ya ce ta kawo shaidar rasuwar maigidan a haɗa da takardar, ko kuma su tura ma'aikacinsu ya je ya ga gidan da idonsa. Harafin da ya bambanta, ya faɗa mana gaskiya cewa ba shi da ikon gyara shi, sai ofishin da ya ba da katin. Amma ya ce ba sai mun koma hannu rabbana ba: akwai asusu na matakin farko, wanda ake buɗewa da ƙananan takardu, sai dai yana da iyaka a kan abin da za a ajiye da abin da za a fitar a rana. In takardu suka cika sai a ɗaga shi.

Wannan ma ba alfarma ya yi mana ba, cikin tsarin yake. Tun da aka sabunta shawarwarin FATF a 2012, ginshiƙinsu shi ne a auna bincike da girman haɗari: a tsananta inda haɗarin ke da yawa, a sassauta inda yake kaɗan. Ƙasar Meziko ta raba asusun bankunanta zuwa matakai huɗu tun 2011 saboda talakawa su samu shiga, ƙasashe da yawa kuma sun bi wannan hanya. To me ya hana yarinyar ta faɗa mana? Wataƙila ba a koya mata ba. Wataƙila an taɓa yi mata faɗa a kan wani fom da ta karɓa, ta ga cewa "ba zai yi ba" ya fi mata kwanciyar hankali. Ina ganin laifin masu horar da ita ya fi nata.

Da aka zo ɗaukar zanen yatsu sai na'ura ta ƙi. Yatsun Goggo sun sha allura da zare da sabulu, zanen ya shafe, fatar kuma ta bushe. Aka gwada babban yatsa sau uku, jan haske kawai. Na fara jin tsoron kada abin ya sake ɓata mata rai. Mutumin ya ce ta goga yatsan a goshinta ya ɗan samu danshi, kada kuma ta danna da ƙarfi. A gwaji na huɗu koren haske ya kama. Goggo ta ce, "Alhamdulillahi," da ƙarfi har na kusa da mu suka juyo.

Ya tambaye ta ko ita ko wani na kusa da ita yana riƙe da babban muƙamin gwamnati. Ta yi murmushi ta ce a'a. Ya bayyana mata cewa masu mulki da iyalansu ana yi musu bincike na musamman, don sau da yawa da sunan mata ko 'ya'ya ko 'yan'uwa ake ɓoye dukiyar jama'a. Ta gyaɗa kai, wannan ta fahimce shi sarai. Da aka zo gurbin wanda za a tuntuɓa in wani abu ya faru, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta nuna ni. Ban yi tsammani ba, tana da 'ya'yanta. Na sunkuyar da kai ina rubuta lambata don kada ta ga idona.

Abu ɗaya bai yi mini daɗi ba ko a teburinsa. Kwafin katunan mutane na nan a gefe, a buɗe, ina iya karanta suna da ranar haihuwa da lambar wani bawan Allah da ban sani ba. Bankuna suna ajiye irin waɗannan bayanai aƙalla shekara biyar bayan an rufe asusu, haka ƙa'idar ta ce. Wanda ya nemi ka miƙa masa hotonka da adireshinka da zanen yatsunka, shi ma akwai amana a wuyansa. Na faɗa masa cikin ladabi. Bai kare kansa ba, ya ce na yi gaskiya, ya kife su ya sa a aljihun tebur.

Kafin mu tashi ya juyo ga Goggo ya ce ta riƙe abu biyu. Lambar sirrin katinta da lambar da za a riƙa turo mata a waya, kada ta faɗa wa kowa, ko da mutum ya kira ya ce daga banki yake, ko da ya ambaci cikakken sunanta. Na biyu, kada ta yarda wani ya ce zai turo kuɗi ta asusunta ta cire masa, komai kusancinsu, don in kuɗin na zamba ne sunanta za a gani. Goggo ta nuna ni ta ce, "Har ita?" Ya ce, "Har ita, Mama." Na ji daɗin da ya faɗa a gabana.

Akwai wata mata da har yanzu take raina. Tana bayanmu a layi, da goyo, ta zo buɗe asusu ba ta da kati ko ɗaya. Na ji ana ce mata ta je ta yi katin shaida tukuna, ta ce ta je, an ce ta kawo takardar haihuwa, ita kuma ba a taɓa yi mata ba. Ta gyara goyonta ta fita. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2021 kimanin mutum miliyan 850 ne a duniya ba su da wata takardar shaida ta hukuma, kuma bincikensa na 2021 ya nuna manya kusan biliyan 1.4 ba su da asusu. Na daɗe da sanin waɗannan alƙaluma, yau na ga ɗaya daga cikinsu tana tura ƙofa da kafaɗa. Na so in bi ta in ce ta tambaya ko asusun matakin farko zai karɓe ta, amma a daidai lokacin ana tsakiyar cike wa Goggo fom. Ina jin nauyin rashin bin ta.

Saboda iyakar asusun, ba duk kuɗin Goggo aka karɓa ba, kusan rabi ya koma gida cikin leda. Ta zuba ido tana kallon na'urar ƙirga kuɗi har ta tsaya, ta karɓi rasit ta ninke shi huɗu. Da za mu fita muka bi ta gaban teburin yarinyar nan. Goggo ta tsaya ta ce mata, "Sai an jima, 'yata." Yarinyar ta ɗago, a karon farko ta kalle ta, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Mama."

Muna cikin mota wayarta ta yi ƙara. Saƙon banki ne. Ta miƙo mini ta ce in karanta, na karanta, ta ce in sake. Sannan ta ce in nuna mata daidai inda sunanta yake da inda adadin yake, don gobe ta duba da kanta. Ranar Alhamis za mu je ofishin katin shaida a gyara harafin nan, ta ce in zo da wuri. Shaidar rasuwar kuma tana cikin akwatin maigidan, wanda ba ta sake buɗewa ba tun da ta sa ta a ciki bayan rasuwarsa. Ta ce in na zo mu buɗe tare.