Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Hirar Dare

A makon jiya na tsaya inda na gama wankan jego a gidanmu da ke Dukku, aka mayar da ni Gombe bayan kwana 40, da ɗa a hannu da buhun garin kunu. Shekarata 19.

Gidan surukaina a Jekadafari gidan yawa ne, kuma a wurinmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane. In ya yi kuka, sai Dada, mahaifiyar maigidana, ta ce "ke, zo ki ba shi" kafin in motsa, kuma ina shayar da shi fuskata na kallon bango. Har ga Allah alfahari nake yi da hakan, don ana cewa yarinyar nan akwai kara. Yini yake yi a bayan ƙanwar maigidana, ɗaure da majanyi. In ta gaji, a kwantar da shi rigingine a gadon Dada.

Ranar allurar sati 14, bayan ta sati 6 da ta sati 10, muka faɗa hannun wata dattijuwar nas. Ta auna shi, ta kama hannayensa ta ɗago shi a hankali, kansa ya langaɓe baya. Ta ce bai kai abin tsoro ba, amma wuyan na son aiki. Sai ta kalle ni ta saman gilashi.

"'Yata, kina yi masa hira?"

Na sunkuyar da kai. "Ɗan fari ne, Mama."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce jariri a makonninsa na farko ba ya gani sosai sai abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30, wato daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta, kuma muryarta tun yana ciki yake jin ta. "Allah ya auna masa fuskarki, ke kuma kin ba shi bango." Ta ce in riƙa kifa shi a tabarma minti 3 zuwa 5, sau da yawa a yini, idonsa biyu ni kuma ina wurin. Barci kuwa sai a rigingine.

Da rana ba dama, sai na koma dare. Maigida ba ya dawowa daga kasuwa da wuri, sai in tura ƙyaure in shimfiɗa tabarma. Daren farko ya cusa fuska yana tsala ihu, na ɗauke shi jikina na rawa. Washegari na kwanta ruf da ciki ni ma, hanci da hanci. To me ake gaya wa jariri? Na rasa, sai na fara ba shi labarin miyar kukar da na kaɗa da yadda gishiri ya yi mata yawa. Ya yi tsit. Cikin 'yan kwanaki ya fara ɗago kai yana neman inda muryar take fitowa, yana mayar mini da gwaranci. Na zuba tsakuwa a gwangwanin madara na liƙe bakinsa tam, ya zama kacau-kacau, ina kaɗawa dama da hagu yana bi da ido. Ina ba shi ludayi da gefen zane ya damƙa.

Ban raina goyo ba, ɗumin baya yana kwantar wa yaro da hankali fiye da komai. Sai dai baya ba shi da fuska.

Yana wata 6 ya zauna da kansa, a nan kuma asirina ya fara tonuwa. Wata Juma'a tsakar gida cike da baƙi, na zo wucewa da tulu, ya hango ni daga cinyar Dada. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya miƙo hannaye biyu. Na yi kamar ban gani ba, ya ɓarke da kuka, kowa ya karɓe shi ya ƙi. Wata gwaggo ta ce, "Ikon Allah, wannan yaushe ya san uwarsa haka?"

Daren nan ina kwance a tabarma ina kiran sunansa ƙasa-ƙasa, sai na ga hasken tocila ta ƙarƙashin ƙyaure, na ji gyaran muryar Dada.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.