Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Turaren Da Bai Kwana Ba

Makon jiya na tsaya a inda Gwaggo ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, da akwatinta na ƙarfe da wata tsohuwar jaka da ba ta yarda kowa ya taɓa. Na yi alkawarin ba ku labarin makarantar dare, amma ku yi mini uzuri. Shekaranjiya ina share ƙarƙashin gado na ci karo da wata ƴar kwalba mai ruwan ƙasa, ina buɗe murfin sai ga ni na koma shekara 20 baya. Tun ranar maganar turaren nan ta hana ni sakat.

Ni dai ban taɓa sayar da turare ba, sha'awa ce kawai, kuma daga jakar nan ta samo asali. Ƙananan kwalabe ne a ciki na madarar turare, wasu sun kusa ƙarewa, sai sirinji marar allura, sai wani littafi da mai ya ɓata gefensa. Wata huɗu ina leƙe kafin ta ce, "Ke, zo ki riƙe mini wannan, tunda idonki ya ƙi barin kayana."

A bakinta na fara jin cewa turare hawa uku ne. Akwai mai rawar kai, wanda ke fara dukan hanci, kamar man ɓawon lemo, ba ya wuce rabin awa ya gudu. Akwai na tsakiya, su wardi da yasmin da kanumfari, masu ɗaukar ƴan awoyi. Sai na gindi, su sandal da ud da miski da lubban, waɗanda za ki wanke mayafi ki shanya ki sake jin su. Awonta kuwa ba ya canzawa: kashi 20 madara, kashi 80 sifirit na haɗa turare, wato itanol mai ƙarfi. A kwalba mai cin mil 10, madara mil 2 ke nan, wajen ɗigo 40. Na gindi take fara ɗigawa, tana ƙirga da leɓe. Idan aka yi mata magana a tsakiyar ƙirga, ranar ba zaman lafiya. In ta gama ta toshe, ta girgiza a hankali, ta tura can lungun da rana ba ta kaiwa, ta ce sai bayan sati 6. "Turaren da bai kwana ba maƙaryaci ne," in ji ta. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce.

To, ranar da na fara haɗa nawa ni kaɗai, da dare na yi, ita tana barci. Na ɗiga na shinshina, na ƙara na shinshina, har hancina ya daina jin komai. Ban san hanci yana gajiya ba, in ya daɗe a kan ƙamshi ɗaya sai ya kurumce. Ni kuwa sai na ga kamar kanumfarin ne ya yi kaɗan, na yi ta ƙarawa. Washegari akwai baƙi a gidan, dangin maigidana sun cika falo. Na fesa a wuya da hannu, na shigo ina yauƙi.

Facalata ce ta fara ɗaga kai. Ta ja hanci sau biyu, ta dubi na kusa da ita ta ce, "Wai wa ya dawo daga wajen likitan haƙori ne?" Aka kwashe da dariya, har da yaran da ba su san me ake wa dariya ba. Wallahi har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi. Abin haushin ma gaskiya ta faɗa. Man kanumfari yana da wani sinadari da masu aikin haƙori ke amfani da shi, ga kuma ɗanyen sifirit da bai lafa ba yana tashi kamar an buɗe ɗakin allura. Kafin yamma wuyana ya yi ja yana raɗaɗi. Gwaggo ta dube ni, ta dubi kwalbar, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ai na gaya miki maƙaryaci ne." Ta karɓe kwalbar ta zuba mata ƙarin sifirit da sandal, ta ɓoye.

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu sosai. Haihuwa, ƙaura, jinyar Baba. Ina dai haɗawa jefi-jefi, na ɓata da yawa. Akwai wani tabo a wuyan hannuna na dama da man bagamot ya bar mini, don na shafa na fita cikin rana, ashe irin wannan man lemon da hasken rana ba sa ga maciji a kan fata.

Sai da autata ta shiga jami'a tana karatun kimiyyar sinadarai na gane dalilin rowar Gwaggo da kwalbar wardinta, wadda ɗigo biyu take sakawa tana huci kamar an yanke mata yatsa. Yarinyar ta ce kafin a tatso kilo 1 na man wardi na asali sai an dafa fure tan 3 zuwa 4, a ƙasashe irin su Bulgeriya da Turkiyya, kuma da sassafe ake tsinkar furen kafin rana ta kwashe ƙamshin. Ta ce ud ma ba kowace bishiya ke ba da shi ba, sai wadda ta ji rauni cuta ta shige ta, sannan take fitar da baƙin ƙaron nan mai ƙamshi, a dazuzzukan Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu. Har ta ba ni labarin Al-Kindi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, da ya rubuta littafi mai haɗin turare sama da 100. Na ce Allah sarki, Gwaggo ba ta san sunansa ba, amma da sun haɗu da sun yi hira.

Na koma kan facalata, don ban gama da ita ba. Bayan shekara 6 da waccan dariyar, ta zo gidana ta ji wani ƙamshi a mayafina, ta rungume ni tana cewa, "Yaya, don Allah a ina kika samo wannan?" Yau kuma ni ce Yaya. Na ba ta kwalba guda kyauta. Ba a yi wata ba labari ya dawo mini cewa tana gaya wa mutane ita ta haɗa da hannunta. Da masu so suka matsa mata, sai ga ta da takarda da biro. Na karanta mata komai, ɗigo nawa na wane, ban rage ko ɗaya ba. Maganar sati 6 ma na faɗa mata, sai dai a bakin ƙofa na faɗa, tana saka takalmi, kuma ban ɗaga murya ba. Allah Ya yafe mini. Bayan kwana 3 ta aiko wai na ɓoye mata sirri, nata warin asibiti yake. Na ce a gaya mata turaren da bai kwana ba maƙaryaci ne. Ba ta gane ba, ni kuma ban yi ƙarin bayani ba.

Abin da ke cina shi ne littafin. Ranar da Gwaggo ta cika, cikin hidimar jama'a, jakar ta yi ƙafa. Ina da wadda nake zargi, amma ban gani da idona ba. Shafi na ƙarshe akwai wani haɗi da ta sa wa alama da jan biro, kullum ina cewa gobe zan tambaye ta.

Kwalbar da na tsinta ƙarƙashin gado kuwa, waccan ce, ta ranar dariya, wadda ta karɓe ta gyara. Ban san ta saka mini ita cikin kayana ba. Lemon ya mutu tuni, kanumfarin ya yi laushi ya koma baya, sandal ɗin ne ya fito ya zauna daram. Na ɗiga a bayan hannu na miƙa wa maigidan, ya ce wannan ai ba irin namu ba ne, wa ya kawo miki?

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, makarantar dare.