Tayar da Fijo 504 da ta daɗe a kwance

Garejinmu a Kaduna yake, kuma yawancin aikin da ke shigo mana na tsofaffin Fijo ne: 404 jefi-jefi, 505 wani lokaci, amma 504 ita ce uwar tafiya. Masu kawo ta iri biyu ne. Akwai direban da har yanzu yake neman abinci da wagon ko a-kori-kura a hanyar ƙauye, shi gyaran yau yake so ya koma lodi gobe. Akwai kuma wanda janwe ke biyo bayansa, an ciro motar daga bayan gida inda ta yi shekara goma sha wani abu ko ashirin a gindin darbejiya, tayoyi sun nutse a ƙasa. Motar mahaifi ce. A cikinta aka riƙa kai su makaranta, a cikinta ake tafiya gida yawon Sallah, but cike da tsaraba, yara a matse a baya ana faɗan wanda zai zauna bakin taga. Wani kuma ita ce motar da ya fara saya da guminsa. Aikin waɗannan shi ne mai wuya, shi ne kuma mai daɗi.

Ba abin mamaki ba ne 504 ta shiga jinin mutane haka. A Faransa aka fito da ita a 1968, kamfanin PAN da ke Kakuri ya fara harhaɗa motocin Fijo a 1975, shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, daga baya kuma gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da Fijo motar jami'an gwamnati. An ci gaba da haɗa 504 a nan Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barinta. Don haka malamin makaranta, alƙali, ɗan kasuwa, direban tasha, kowa ya taɓa ta.

Abin da mai mota ke fara tambaya kusan kullum fenti ne: wane kala za a yi, yaushe za ta yi ƙyalli. Mu kuwa fenti ne na ƙarshe a lissafinmu. Kafin a taɓa ko sufana ɗaya ma, tambayarmu ta farko ita ce: ranka ya daɗe, motar nan ta wace ce yanzu? Idan mai ita ya rasu, tana cikin gado. Sai magada sun amince, ko an yi mata kuɗi an cire a rabon wanda yake so, sannan mu fara. Motar da kowa ya manta da ita tana ruɓewa, ranar da ta tashi tana sheƙi kowa zai tuna yana da haƙƙi a ciki. Sai takardu: lambar shasi da ke jikin mota ta yi daidai da ta takarda, in ba haka ba an gyara motar da ba za ta iya hawa titi ba.

Daga nan sai bodi, don shi ke yanke hukunci. Salun da wagon ba su da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai, idan ya ruɓe ba abin da za a ɗora inji a kai. Muna ɗaga shimfiɗar ƙasa mu duba inda direba ke ajiye ƙafa, mu duba ƙasan ƙofofi, dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga, kusurwoyin gilashin gaba da na baya, ƙasan but, da kan shokazoba na gaba a cikin bonet. Wannan wuri na ƙarshe yakan tsage a motar da ta sha hanyar burji da lodi. Motar Arewa ta fi ta Legas ko Fatakwal lafiyar ƙarfe saboda bushewar iska, amma wadda aka ajiye a gindin bishiya tana da tata cutar: ganye ya toshe magudanar da ke gaban gilashi, ruwan damina ya taru ya riƙa tsiyaya ciki shekara da shekaru. Ana bin jiki da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa fila ce aka cusa, wato abin cike ramin bodi. Rami ƙarami a yanke a sa sabon ƙarfe da walda. Idan kuwa inda ƙafafun baya ke kamawa ya tafi, ƙofofi ba sa rufuwa daidai saboda jiki ya lanƙwashe, gara a faɗa wa mutum gaskiya: a nemo wani bodi mai lafiya, a kwashe abin da za a iya kwasa daga ta mahaifinsa, sitiyari, dashbod, kujeru, tambarin zaki, a mayar can. Wasu ba sa son jin wannan magana, amma ta fi a ci kuɗinsu a banza.

Kuskuren da ke kashe inji tun kafin ya iso wurinmu shi ne a sa sabon batir a danna ki don a ji ko za ta tashi. Injin da ya shekara a tsaye, ringi sun manne, bangon silinda ya yi tsatsa, baƙin mai ya sauka ƙasa gaba ɗaya. Ana cire fulogi huɗun, a zuba ɗan baƙin mai haɗe da gas a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku, sannan a juya injin da hannu ta kan fulin karanshaf. In ya zagaya sumul, madalla. A sauke tanki a wanke, domin tsohon fetur yakan zama kamar ƙaro ya toshe komai. A canza robar cikin famfon fetur da duk tiyon mai. A juye baƙin mai, lita 4 yake sha, da sabuwar fita. A yi ta ba shi ki ba fulogi har jar wutar mai ta mutu a dashbod. Sai a auna ƙarfin kowace silinda. Ba yawan lambar muka fi dubawa ba, daidaituwarsu muke so. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran sosai, bawul ne ko ringi. Wayoyi kuma sai rewaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ɓera ba ya raga wa motar da ke kwance.

Injin fetur na 504 da ake samu a nan yawanci iri biyu ne, mai cc 1796 da mai cc 1971, dukansu a kishingiɗe suke gefe guda. Bulok ɗin ƙarfe ne, tof silinda kuwa na alminiyam, kuma silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, ana zare su, ruwa ne ke kewaye da su kai tsaye. Wannan shi ne alherin injin: ba sai an kai bulok an rarake ba, ana sayen silif da fistin da ringi a sa, inji ya koma sabo. Shi ne kuma tarkonsa. Yaron da bai sani ba zai kwance tof ya ɗaga shi sama da ƙarfi, ko ya juya karanshaf bayan an cire tof ba tare da ya danne silif ba. Silif ya motsa, abin da ke like ƙasansa ya saki, a haɗa inji, bayan mako guda baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Ana girgiza tof ne ta gefe har ya rabu da gasket, a sa wasoshi da kusoshi a danne silif nan take. Wurin haɗawa, kan silif ya ɗara fuskar bulok da kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita, huɗun kuma su zo kusa da juna, in ba haka ba sabon gasket ba zai yi wata uku ba.

Saitin ba shi da yawa, amma sai an yi shi da abin awo, ba da kunne kaɗai ba. Awon duk a milimita yake. Tafet, inji a sanyaye: na shiga 0.10, na fita 0.25. Kwantak 0.40. Fulogi 0.6. Jerin wuta 1-3-4-2, kuma a tuna Faransawa daga wajen giya suke fara ƙirga silinda ta ɗaya, ba daga wajen lagireto ba. Wanda ya saba da motar Japan yakan juya wayoyin, ya yini yana zargin kafireto. Fulogin a cikin dogayen bututu suke zaune, idan robar bakin bututun ta bushe mai yakan cika ramin, mota ta riƙa tsallen wuta. Kafireton Solex kuwa yawanci ba jet ne matsalarsa ba, sandar maƙogwaronsa ce ta cinye mazauninta, iska na shiga ta gefe, silo ya ƙi zama komai saitin da aka yi.

Zafi shi ne ajalin 504, kuma mu muke jawo shi. Shekara da shekaru ana ɗura mata ruwan rijiya, lagireto ya cika da farar ƙasa, alminiyam ɗin tof ya zagwanye ta ciki. Fankar asali ba kullum take juyawa da ƙarfi ba: akwai maganaɗisun lantarki a jikin famfon ruwa da ke kama ta idan zafi ya kai, wani ɗan makunni a jikin lagireto ke ba shi wuta ta kan ƙaramin gawayi. Gawayin ya cinye ko makunnin ya mutu, fanka ta daina kamawa, mota ta tafasa a cunkoson Kawo. Makanikai da yawa sukan ɗaure fankar gaba ɗaya. Yana aiki, sai dai ƙara da shan mai. Mun fi so a gyara ta yadda aka ƙera ta. Cire tamostat ma ba magani ba ne, ɓoye cuta ne. A kai lagireto a buɗe a tsefe, ko a sa sabon ciki, a canza murfi da tiyo, a zuba ruwa mai tsabta da maganin tsatsa. Tof ɗin da ya taɓa tafasa sai an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe an duba ko ya karkace. Ana fere shi, amma kowace fira tana rage masa kwana, wanda aka fere sau uku ya gama aiki.

Akan zo mana da shawarar a cire injin a dasa na Japan, a huta. Ga direban haya ba mu da ta cewa, neman abinci yake. Ga wanda ya zo don tuna gida kuwa, ba ma ba da wannan shawara. Abin da yake nema a kunnensa yake: yadda injin ke gurnani a silo, ƙarar salansa idan an saki totur a kwanar layi, wadda yara ke ji su ce Baba ya dawo tun kafin a ga mota. Idan an canza inji wannan ya tafi, ga walda a mazaunin inji, ga farfela da aka yanka aka ƙara.

Ƙarƙashin mota sai an leƙa, kada a dogara da haruffan da ke manne a but. Wasu salun kowace tayar baya da nata hannu, birkin faifai gaba da baya; wasu kuma aksul guda ne da birkin ganga, kamar wagon. Wagon tana da nannaɗaɗɗen sifirin biyu a kowane gefe a baya, a-kori-kura kuwa mai ganye ne. Farfela a cikin bututu take tafiya, akwai wurin giris a jikin bututun da kusan kowa ya manta da shi. Idan an ji "ƙwas" a ƙasa lokacin tashi, haƙoran farfela ne suka cinye. Giyar asali mai huɗu baƙin man inji take sha, lita ɗaya da ɗoriya, mai kaurin nan na aksul yakan sa ta yi tauri da safe. Birki kuwa ba a yi masa kwaskwarima. Man birki yana shan danshi, motar da ta daɗe a tsaye masta da kalifa duk sun yi tsatsa ta ciki. A kwance duka, a canza robobi da tiyo, a duba bawul ɗin da ke rage ƙarfin birkin baya, yawanci ya daskare. Fistin kalifar baya sai an murɗa shi kafin ya koma, wanda ya danna shi da ƙarfi ya lalata birkin hannu. Taya ko zanenta na nan daram, a karanta lambobi huɗun da ke gefenta, mako da shekara. Ta wuce shekara shida zuwa bakwai a ajiye ta.

Kayan inji ba su yi wuya ba tukuna, don 505 mai injin cc 1971 tana ba da aron abubuwa da yawa. Panteka a nan Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Ladipo a Legas, in an yi haƙuri ana samu. Tsohon ajiya na asali ya fi komai, na kwance mai lafiya na biye, na kwaikwayo kuma a kwantak da kwandansa da famfon ruwa yake fi ba da kunya. Abin da ke wahalar samu kayan ado ne: fitilun gaba masu lafiyar madubi, danjojin baya da ba su koɗe ba, sandunan ƙyalli na gefe, robar ƙofa, dashbod da rana ba ta tsaga ba. Shi ya sa sayen matacciyar 504 guda don a riƙa cira daga jikinta yakan fi bin kasuwa araha.

Sai yanzu fenti. Kalar asali tana nan a ɓoye a cikin murfin but ko bayan robar ƙofa inda rana ba ta kai ba, daga nan ake haɗawa. A kankare har ƙarfe, a sa firaima, fila ta zama siririya. Ba a feshi a fili lokacin hunturu, ƙura za ta zauna a kai. Kujeru kuwa, in fatar asali ba ta yage da yawa ba mukan roƙi mai mota a sake soson ciki kawai a bar ta, har da ɗan tabon da ya ce ya san ranar da aka yi shi.

Kuɗi mataki-mataki muke karɓa, bodi, inji, ƙafafu da birki, wuta, fenti, kowanne a rubuce, tsohon kayan da aka cire a mayar wa mai shi a buhu. Aikin kirki yakan ci wata uku zuwa shida, neman kaya ne ke cinye yawancin lokacin. Kafin mu miƙa makulli sai an je Zariya an dawo da ita, ido a kan allurar zafi. Bayan kilomita 1,000 ta dawo gareji a sake ɗaure tof, a sake tafet, a juye mai. Daga nan kuma a riƙa fita da ita ko sau ɗaya a mako, tafiyar da za ta isa inji ya yi ɗumi sosai, ko da zuwa masallacin Juma'a ne a dawo ta doguwar hanya.