Nissan 350Z a Garin Bauchi: Abin da Na Ɗaura da Abin da Na Kwance

A ƙarshen shekarar 2019 na sayi Nissan 350Z ƙirar 2004, baƙa, mai giyar hannu, daga hannun wani dillali a Kano, kuma ni da kaina na tuƙo ta ta Birnin Kudu da Ningi har zuwa Bauchi. Tun ina sakandare nake sha'awar motar gudu, kuma na shafe shekaru ina tara kuɗinta daga ribar shagona. Kafin in biya sai da na tafi da bakanikena ya duba ƙarƙashinta, sannan na tsaya a kan takardun kwastam har na gamsu, domin tun daga watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma duk wanda ya sayi motar da ta biyo ta Kwatano ba tare da ya tantance takardunta ba, zai iya rasa ta a shinge guda. Wannan shi ne abu ɗaya da na yi daidai tun farko. Yawancin abin da na yi a shekarar da ta biyo baya sai da na dawo na warware shi.

Ya kamata in bayyana yadda motar take, saboda mai karatu ya fahimci dalilin abin da ya faru. Mazauninta biyu ne kacal. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.5, wanda ake kira VQ35DE, kuma a wannan ƙirar yana ba da ƙarfin doki 287. An tura injin baya kaɗan daga kan tayoyin gaba domin nauyi ya rabu kusan daidai, kuma tayoyin baya ne ke tura motar, saɓanin yawancin motocin da muka saba tuƙawa a nan waɗanda tayoyin gaba ke ja. Tawa daga Amurka aka shigo da ita, don haka manyan lambobin da ke kan agogon gudu mil ne ba kilomita ba. Idan allura ta hau 60, mutum yana dab da kilomita 100 a awa ke nan. Alherin da ke cikinta shi ne dangin wannan injin suna cikin Infiniti G35 da Murano da Pathfinder, waɗanda suke da yawa a ƙasar nan, saboda haka fulogi da tacen mai da wasu ƙananan kaya ba sa wuyar samu a Bauchi, manya kuwa ana aikowa da su daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas.

Kuskurena ya samo asali ne daga waya. Na riƙa kallon bidiyon masu irin wannan mota a Japan da Amurka, ina ganin yadda suke sauke ta har ta kusa shafar kwalta, suna sa mata manyan wili da salansa mai ruri, ban tsaya na tambayi kaina a kan wace irin hanya suke tafiya ba, da wane irin mai, a cikin wane irin yanayi.

Da salansa na fara. Na sa mai walda ya yanke ta asali, ya cire abin tace hayaƙin nan da bakanikai ke kira indomi, ya ɗaura wata mai faɗin baki. A ranar na ji kamar na sami sabuwar mota, amma cikin kwana biyu fitilar gargaɗin inji ta kama, domin na'urar da ke auna hayaƙi a bayan indomin ta daina ganin abin da ta saba gani, kuma warin ɗanyen fetur ya riƙa shigowa ciki duk lokacin da na tsaya a cunkoson Wunti. A doguwar tafiya kuma akwai wani gunji da ke cika motar, wanda kan sa kaina ciwo kafin in kai Alkaleri. Duk wannan na jure shi. Abin da ban iya jurewa ba shi ne maganar wani dattijo maƙwabcinmu, abokin mahaifina, wanda ya riƙe hannuna bayan sallar asuba ya ce: "Ɗana, ba hana ka jin daɗin abin da Allah ya ba ka zan yi ba. Amma uwar ɗakina ba ta da lafiya, ba ta samun barci sai gab da asuba, kuma kana tayar da motar nan sai ta farka a firgice." Na ce masa, "Baba, ka yafe mini, wallahi ban sani ba." Gaskiya ne ban sani ba, sai dai kuma ban taɓa tunanin in tambaya ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu. A makon na nemo indomi 'yar Beljiyam da kuɗin da ya ninka abin da aka ba ni a kan tawa, na kuma sa salansa mai tukunya wadda ke fitar da muryar injin a hankali ba tare da ta tashi unguwa ba. Ƙarfin da nake zaton na ƙara da cire indomin, ban ji ya ragu ba da na mayar da ita.

Sauke motar ya fi cin kuɗi. Yadda ta fito daga kamfani ma tsakaninta da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba, amma na sa gajerun sifirin na ƙara dusar da ita, na cire wili mai inci 17 na sa mai inci 19 da siririyar taya. A tsaye ta yi kyau ƙwarai, har mutane kan tsaya ɗaukar hoto. A tafe kuwa kowane tudun rage gudu sai na hau shi a karkace kamar mai tsallaka kwata, masu Keke Napep na yi mini hon a baya, kuma duk da haka leɓen bamba ya tsage cikin wata guda. Shiga gidanmu da damina ya zama aiki. Sannan wata rana a hanyar Gombe na faɗa wani rami da ban hango ba saboda inuwar tirela, wili biyu suka lanƙwashe nan take, domin siririyar taya ba ta da naman da zai shanye duka. Da aka kwance su sai mai faci ya nuna mini cewa gefen ciki na tayoyin ya cinye har waya ta fara leƙowa, alhali gefen waje kamar sabo. Dalili shi ne idan aka sauke mota, tayoyin kan kwanta ciki ta sama, nauyi ya koma kan gefe ɗaya, kuma ba a gyara wannan sai da wasu ƙarafuna na musamman da ban saya ba. Na mayar da sifirin na asali da wili mai inci 17, na sa sababbin shokozoba, motar ta dawo tana taka hanya da natsuwa.

Buɗaɗɗen tacen iska mai siffar mazurari da na sa mata bai yi ko hunturu ɗaya ba. Yana zuƙar iska mai zafi daga cikin bonet, ƙurar Disamba da Janairu kuma ta haɗu da man da ake shafa masa ta ɓata na'urar auna iska, motar ta fara shaƙewa idan na taka totur. Akwatin asali da tacen takarda ya koma wurinsa, ina kuma canza shi da zarar ƙura ta lafa.

Inda na fi koyon darasi shi ne wajen sanyaya inji, kuma a nan ne nake ganin duk mai irin wannan mota a arewa ya kamata ya fara kashe kuɗinsa. A watan Afrilun 2021, lokacin da zafin Bauchi kan kusanci digiri 40, allurar zafi ta haura mini a cikin gari da tsakar rana. Wani bakanike da na tsaya wurinsa a gefen hanya ya yi abin da aka saba yi: ya cire tamostat, wato makullin da ke tsare ruwa har sai inji ya ɗumama, ya haɗa fanka kai tsaye da makunni, ya cika lagireto da ruwan rijiyar burtsatse, ya ce mini wannan kaya na ƙasar sanyi ne, ba namu ba. Zafin ya lafa na ɗan lokaci, amma shan mai ya ƙaru, saboda da safe injin ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ƙwaƙwalwar motar kuma tana ci gaba da zuba masa mai kamar yanzu aka tayar da shi. Bayan 'yan watanni allurar ta sake hawa a hawan da ke kan hanyar Jos, bayan Nabordo.

Da na kai ta wurin bakanikena na asali, dattijo ne da ya daɗe yana gyaran motocin Japan, sai ya zare lagireton ya nuna mini yadda gishirin ruwa da tsatsa suka toshe rabin hanyoyinsa. Ya ce, "Alhaji, tamostat ba shi ne ciwon ba, an dai cire shi ne don a ɓoye ciwon. Injin nan na alminiyon ne, idan ya tafasa sau biyu ko uku kansa zai lanƙwashe, daga nan sai maganar gaskit, ko ma injin ya buga gaba ɗaya." Muka sa sabon lagireto mai kauri, sabon murfi, domin murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, muka mayar da tamostat, fanka ta koma ƙarƙashin ikon ƙwaƙwalwar mota, muka zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne fitar da iska daga hanyoyin ruwan, domin wannan inji yana riƙe iska, kuma akwai ɗan ƙaramin noti a kan tiyo ta bayan injin da ake kwancewa don haka. Ya ɗaga gaban motar, ya yi kusan awa biyu yana zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana jira. Tun daga ranar allurar ba ta sake wuce tsakiya ba, ko da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara.

Bakaniken nan nawa ne kuma ya hana ni sa tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, lokacin da wani abokina a Abuja ya kwaɗaita mini. Hujjarsa ita ce injin tun asali mai matsi ne sosai, kamfani ma mai na musamman ya ce a zuba masa, mu kuwa fetur iri ɗaya ake sayar mana a kowane gidan mai. A yadda take, idan man bai kai ba, akwai na'urar da ke jin ƙarar ƙonewar da ba ta dace ba ta sassauta wutar fulogi, ƙarfi ya ɗan ragu amma inji ya tsira. Idan aka ƙara matsi a kan wannan mai, fiston ne zai biya. Da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022, aka shiga dogon layi, na gode wa Allah da na ji maganarsa. Na ajiye motar makonni ban zuba mata man 'yan bumburutu ba.

Akwai ranar da ba na mantawa. Ina dawowa daga Yankari da yamma a farkon damina, na wuce mararrabar Dindima, yayyafin farko ya sauka a kan kwaltar da ta sha ƙura da baƙin mai wata da watanni, wanda shi ne lokacin da hanya ta fi santsi. Na kashe na'urar hana sulɓi tun da rana saboda ina son jin motar a hannuna, kuma tayoyin baya 'yan Beljiyam ne da na saya don sauƙi. Ina fitowa daga wata kwana na taka totur, sai bayan motar ya zame ya nemi ya wuce gabanta. Ta juya ta tsaya a gefen hanya tana kallon inda na fito. Ƙasa da taku ashirin daga wurin wani yaro ne makiyayi da shanunsa, ya tsaya riƙe da sanda yana kallona. Na daɗe a zaune hannuna na rawa ina salati. Da na duba tayoyin daga baya, lambobi huɗun da ke jikinsu, waɗanda biyun farko ke nuna mako biyun ƙarshe kuma shekarar da aka yi taya, sun nuna sun haura shekara takwas. Zanensu yana nan, amma robar ta bushe. Na sayi sababbi huɗu, na canza takalman birki, na zubar da tsohon man birki na sa sabo mai lambar DOT 4, domin man birki yana shan danshi, idan ya tsufa kuma yakan tafasa a lokacin da aka fi bukatarsa. Maɓallin kashe na'urar hana sulɓin kuwa ban sake taɓa shi ba. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, kuma wannan mota tana wuce dukkansu tun tana giya ta uku, a hanyar da babura da 'yan makaranta da dabbobi ke bi tare da ni.

Saboda wannan ne nake hana aronta. Duk lokacin biki samari kan zo, har da 'ya'yan yayyena, su ce, "Kawu, a ba mu ita mu raka amarya." Na san abin da ake nufi da rakiyar, wato wasan mota da jan birki a tsakiyar jama'a. Nakan ce musu ni zan tuƙa ango da kaina har ƙofar gida, amma makulli ba zai bar aljihuna ba. Wasu sun ji haushi, ɗaya ma ya yi wata biyu ba ya gaishe ni, na kuma ɗauki hakan a kan in je ta'aziyyar da motata ce sanadi.

Batun kuɗi kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tankinta lita 76 ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 cika shi ya zama abin da sai na yi lissafi. Maiɗakina ta taɓa tambayata ko ba zan sayar ba, tunda ko ita da yara biyu ba ta ɗauka, kuma tambayar tana kan hanya. Muka yi shawara na sayi tsohuwar ƙaramar mota don makaranta da kasuwa da zumunci, ita kuma wannan na rufe ta da tamfol a gida. Ranar Asabar bayan na dawo daga masallaci nakan jira gari ya waye sosai, in duba baƙin mai da ruwa da iskar taya, in tura ta waje kafin in tayar, sannan in kama hanyar Dass in je in dawo kafin rana ta yi zafi. Wani lokaci babban ɗana kan zauna a gefena da bel a ɗaure, kuma aikinsa shi ne ya riƙa karanta mini allurar zafi da ta gudu.