Ranar da wani dattijo ya hana ni jona kwamfutar mahaifina

Na shiga zauren rungume da kwali. A cikinsa akwai tsohuwar kwamfutar mahaifina, wadda rabonta da wuta ya kusa shekara talatin, da adaftarta, da faya-fayai goma sha biyu ɗaure da roba. Niyyata guda ce: in sami soket, in jona, in ga ko da sauran rai. A gida abin ya gagara don ba ni da irin talabijin ɗin da zai karɓi wayarta, aka ce min in je taron masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci, can ba a rasawa.

Ƙara ce ta fara tarbata. A wata kusurwa wani yana loda wasa daga kaset zuwa ZX Spectrum, 'yar baƙar na'urar nan mai madannan roba da ta fito a Ingila a 1982. Kukan kamar an shaƙe tsuntsu. Sai an yi kusan minti biyar kafin wasan ya gama shiga, in kuma ya kakare dab da ƙarshe, a mayar da kaset baya a sake daga fari. Abin mamaki, yaran da suka saba latsa waya sun tsaya cirko-cirko suna jira, babu wanda ya gusa.

Kusa da shi Commodore 64, ita ma 'yar 1982, da shuɗin allonta yana shelar cewa bayit 38911, wato gurbin haruffa kusan haka, ne suka rage maka ka rubuta abin da za ka rubuta. Hoton da na ɗauke ta da wayata ya ninka wannan sau da yawa. Can gaba kuma Altair 8800 ta 1975, ba allo ba madannai, sai makunnai da jajayen fitilu, a asalinta bayit 256 kacal. Mai ita ya bar ni na shigar da lambobi da hannuna, ina ɗaga wannan ina sauke wancan. Na yi kuskure sau biyu a umarni huɗu.

Da na sami tebur na warware waya, har na kai hannu soket sai na ji an riƙe min wuyan hannu.

"Dakata, ɗana. Yaushe rabon da a auna wannan adaftar?"

Na ce, "Baba, ban taɓa sanin ana aunawa ba."

Bai yi dariya ba. Ya cire wayar daga jikin kwamfutar, ya jona adaftar ita kaɗai, ya ɗora mata mita. Inda ya kamata ta ba da bolt 5, sai ga shi ta haura 6. Ya yi min bayani cewa abin da ke daidaita wuta a cikin irin wannan adaftar yana tsufa, kuma in zai mutu ba kullum yake ɗauke wutar ba, wani lokaci sakinta yake da yawa. Kayan ƙwaƙwalwar na'urar su ke fara ƙonewa, wasunsu kuwa an daina ƙera su tuntuni, sai dai a ciro daga wata da ta mutu. Da ya makara da daƙiƙa biyu, da na kashe da hannuna abin da ya jure shekara talatin a ajiye.

Sannan ya sa na buɗe ta, amma sai da na ɗauki hoton kowace waya da kowane noti tukuna. A ciki muka tarar da batirin agogo ya yi yoyo, wani koren gari ya ci siraran layukan tagulla da ke kewaye da shi. Ya yanke batirin, muka goge wurin da finiga, sannan da sifirit. Muna cikin haka sai wani tebur ya tashi da hayaƙi mai wari. Ni kaɗai na zabura. Sauran shewa suka yi: tsohuwar kondensa ce ta tsage ta sha danshi, kuma kusan kowa a zauren ya taɓa shaƙar irinta.

Akwai gardamar da na ji har na gaji, kan ko ya dace a mayar wa robar da ta yi rawaya farinta ta hanyar shafa mata sinadari a shanya a rana. Ni dai na fi son a bar wa tsoho furfurarsa. Teburin musayar kaya ma ya cinye min awa guda a banza, don ban san abin da nake nema ba.

Faya-fayan ne na raina, ashe su suka fi komai rauni. Wata baiwar Allah da ke da na'urar kwafe su ta karɓa, ta ja murfin kowanne ta duba a haske. "Ƙanena, kada ka sa waɗannan a kwamfutarka ko ta tashi," in ji ta. "Ƙarfe ana gyarawa. Wannan in ya goge, ya tafi." Biyu sun yi fumfuna, ta ware su gefe, ta ce za su ɓata kan na'urar su kuma kankare kansu. Ɗaya ya ƙi karantuwa. Tara suka fito lafiya, ta zuba min su a filashi.

Kwamfutar ba ta tashi a ranar ba. Dattijon ya rubuta min a bayan kwali layuka uku da sai an ɗinke su da siririyar waya da dalma, da irin adaftar da zan nema, ya ce kada in kuskura in jona sai na dawo ya duba. Na sayi mita, ina koyon liƙi a kan wani mataccen rediyo.

A daren na buɗe filashin. Yawanci wasanni ne da wasiƙun aiki. A faifai na bakwai akwai wani gajeren shiri na BASIC, yaren rubuta wa kwamfuta umarni, mai tambayar lissafin sau, daga biyu zuwa sha biyu. In ka ci, sai ya rubuta "madalla" ya kira sunana.