Wasiƙa zuwa Zazzau: turaren bayan aski da kayan da ke kasuwanninmu

Assalamu alaikum 'yan'uwana Zazzagawa, na cikin Birni da Tudun Wada da Sabon Gari har Samaru. Ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya harkoki. Mu ma a nan Manchester sai godiyar Allah.

Wata 'yar sana'a ce ta sa na rubuto muku. A Ingila da Amurka akwai ƙananan masu haɗa sabulun aski da turaren da ake shafawa bayan aski. Wani shi kaɗai yake aikinsa, wani da matarsa, suna haɗa kaɗan-kaɗan suna sayarwa ta intanet. Akwai Stirling Soap Company a jihar Arkansas, akwai Barrister and Mann a Amurkan dai, a nan Ingila kuma akwai irin su Wickham. Tsofaffin gidajen Landan, kamar D.R. Harris da aka kafa a 1790 da Truefitt & Hill na 1805, suna nan daram. Amma waɗannan ƙananan sun samu kasuwarsu wajen mazan da suka koma ga reza mai baki biyu da burushi, waɗanda suka gaji da ƙamshin kanti da kowa ke yawo da shi. Kwalba mai mililita 100 takan kai fam 20.

Idan ka juya bayan kwalbar ka karanta abin da aka zuba, sai ka ga gida. Ga alif, wanda muke tsayar da ruwa da shi, shi ne mai tsayar da jini idan reza ta yi yanka. Ga man kaɗanya. Ga kanumfari da citta da na'a-na'a da sandal da man bishiyar turare. Saiwar ciyawa mai ƙamshin ƙasa da suke ji da ita, wadda galibi daga Haiti ake kawo man ta, 'yar'uwar jemarmu ce ta fadama. Lubban ɗin da suke saye daga Somaliya da Oman danginsa ne hano, wanda ke tsirowa a duwatsun Arewa. Baƙi a wurinmu ba su da yawa: wani tsiron Arewacin Amurka da ake kira witch hazel, mai sanyaya fata, sai ganyen bay na tsibiran Karibiyan da ake haɗa turaren bayan aski mai suna bay rum da shi tun ƙarni na 19.

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa a yawancin shagunan askinmu. A gama da kilifa ko reza, a jiƙa auduga da sifirit a goge maka ƙeya da wuya, ka runtse ido don zafi, a bi da hoda. Bayan kwana biyu ƙuraje su feso. Gashinmu mai nannaɗewa ne, idan aka yanke shi dab da fata sai tsininsa ya lanƙwasa ya koma ciki, wurin ya kumbura. Babban maganin wannan shi ne rage ƙanƙarewa da daina aski saɓanin yadda gashi ya kwanta, amma abin da aka shafa daga baya yana da nasa tasiri. Sifirit tsagwaronsa busar da fata yake yi, balle a hunturu da fatar take tsagewa da kanta. Mai gemu ma abin ya shafe shi, tunda yana gyaran fuska da wuya, yana aske kai.

Kada in yaudare ku, ba duk abin da aka rubuta wa "na asali" ne tsantsar tsiro ba. Da yawa cikin waɗannan masu sana'a suna haɗawa da ƙamshin da aka sarrafa a masana'anta, domin man sandal da na oud na gaske sun fi ƙarfin kwalbar fam 20. Wanda nake girmamawa a cikinsu shi ne mai faɗin gaskiya a jikin kwalba. Ƙamshin tsiro zalla sau da yawa ba ya daɗewa a jiki, na lemo kan gudu da wuri, kuma haɗin bana ba lallai ya zo daidai da na bara ba. Yana kuma iya cutarwa: man kanumfari ko na kirfa idan ya yi yawa yana ƙona fata, wasu man ɓawon lemo kuma suna sa fata ta ƙone idan an shiga rana da su. A zafin ranar Zariya wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shi ya sa dokar nan Ingila take tilasta wa mai haɗawa ya sa a duba lafiyar haɗinsa, ya kuma lissafa abubuwan da ke ciki, kafin ya sayar.

Na san wani zai tambayi batun sinadarin barasa. Yawancin na ruwa-ruwan suna da shi, malamai kuma sun yi saɓani a kan turare irin wannan. Mai son kauce wa shubuha yana da mafita, domin akwai mai kauri da ake yi da kaɗanya ba tare da shi ba, kuma a ganina shi ya fi dacewa da iskarmu.

To, wa zai yi mana namu? Iyayenmu mata masu haɗa humra da turaren wuta suna da hanci da haƙurin tsuma kaya. Wanzamai sun san fata tun kafin a haife mu. Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye masana haɗa magunguna da sinadarai duk shekara, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ga cittar Kachia da Kafanchan a cikin jiharmu. Abin da nake roƙon duk wanda zai fara shi ne ya auna da sikeli, ba da ido ba, ya rubuta kowane haɗi a littafi, ya gwada a cikin hannu ya jira kwana biyu kafin ya kai fuskar wani, sannan ya nemi rajistar NAFDAC kafin ya fita kasuwa. Ya fara da abu ɗaya, ko da kaɗanya ce tatacciya da ɗigon ƙamshin jema, ya kai wa mai askin unguwarsu ya gwada a hunturu da bazara.

A gaida mutanen gida duka.

Naku,
ɗan'uwanku a Manchester