Ranar da Malam ya kwashe ofis

Alhamis, bayan Isha'i.

Yau na roƙi abokin aikina ya riƙe mini ajina, na tafi taron bankwana da malamanmu uku da suka yi ritaya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tun ƙarfe tara ranar Sakkwato ta fara halinta, kafin mai keke ya kai ni Kwalkwalawa, ƙauyen da ke kan hanyar jami'a, hulata ta jiƙe sharkaf. Da muka hau gada sai da na leƙa. Ruwan ɗan kaɗan, masu lambu na ta ban ruwan albasa. Wanda bai ga ambaliyar 2010 ba, ba zai yarda wannan ruwan ne ya karya gada ya raba jami'a da gari ba. Lokacin muna ɗalibai, kuma da idona na ga Malam, ɗaya daga cikin ukun nan, cikin kwale-kwale, ya tattare babbar riga, ya ɗora jakar takardunmu a ka.

Zauren ya cika maƙil. Biyu daga cikin malaman sun kai shekara 65, Malam kuwa da yake farfesa ne sai da ya cika 70, kamar yadda dokar 2012 ta tanada. Aka karanto tarihin kowa: maƙalu kaza, taruka kaza, shugabancin sashe, kwamitoci, waɗanda ya duba wa digiri na uku. Duk gaskiya ne, amma da mai karatun ya musanya takardun, rabinmu ba za mu gane ba. Sai da aka zo kan Malama, mace ɗaya tilo a cikinsu, tsofaffin ɗalibanta suka miƙe da guɗa, sannan zauren ya farka. Aka ƙaddamar da littafin karramawa, manya suka yi ta sayen kwafi ɗaya da kuɗin buhunan gero. Allah dai ya sa alƙawarin ya wuce bakin lasifika.

Malam bai yi dogon jawabi ba. Ya ce ya shigo yana ɗalibi tun ana kiranta Jami'ar Sakkwato, zamanin Farfesa Shehu Galadanci, kafin a sauya mata suna a 1988. Ya roƙi gafarar duk wanda ya ɓata wa. Wani daga baya ya ce, "Mun yafe har da jan biro!" Aka fashe da dariya, shi ma ya yi, yana goge tabarau.

Bayan Azahar na bi shi ofis. An riga an sauke littattafan, sai layin ƙura a kan katako inda suka shekara. Wasu yara biyu suna ɗaure kwalaye da igiya. Na durƙusa na gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, ko an gane ni?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai na mai baitin da babu uba?"

Kunya ta rufe ni, ga shi da furfurata. A kundin digirina na kawo wani baiti na waƙar ajami, na jingina shi ga wani malamin jihadi, alhali a bakin wani kawai na ji. Malam bai yi faɗa ba. Ya zagaye baitin, ya rubuta a gefe: "Ina ka samo wanga?" Sati biyu ina zarya zuwa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu ina buɗe tsofaffin takardu, ina tafiya gida da atishawa. Ban samu baitin ba, dole na cire shi. Na yi ta ƙorafi a lokacin, har na ce wa abokaina tsohon nan so yake in shekara. Wannan sati biyun ba ya cikin abin da aka karanto yau, kuma ba ni kaɗai aka yi wa ba.

Ya sa yaro ya kwance wani kwali, ya yi ta lalube, sai ga daftarin kundina, bangon ya koɗe. Ashe ya ajiye. Ya miƙo mini ya ce ba shi da wurinsu a gida, Hajiya ta riga ta kafa sharaɗi. Na tambaye shi me zai yi yanzu. Ya ce gona, da jikoki, da wani rubutun ajami da ya daɗe yana jiran sa.

Na taya su kai kwalaye mota. Nauyi kamar an cika su da dutse.

Yanzu na gama shan fura, daftarin na gabana, takardun jarrabawar ɗalibaina na gefe ban taɓa su ba. Babu shafin da jan biro bai ratsa ba, har waƙafi. A shafi na 41 na tarar da wata tambayar da ban taɓa lura da ita ba. Gobe bayan Juma'a zan leƙa gidansa.